Zagayen Gidajen Sobiya da Surukina

Surukina mai sobiya ne. Shagonsa yana wani lungu a unguwar Jarwal cikin Makka, ɗan ƙarami, benci ɗaya a ƙofa, manyan randunan ƙasa a jere a bayan labule. Sha'ir yake jiƙawa da busasshiyar gurasa, ya zuba kirfa da hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, ya rufe ya bar ta ta kwana har ta ɗauki tsami, sannan ya tace ya sa sukari da ƙanƙara. Da azumi, tun daga la'asar layi yake kamawa har bakin titi.

Ni karatu ya kawo ni Makka daga Gusau, na auri 'yarsa ta tsakiya. Shi a Makka aka haife shi. Iyayensa daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa, suka tsallako teku daga Sudan, suka zauna ba su koma ba. Hausarsa rabi ce, rabi Larabci, amma rabin nan na Hausa irin na tsofaffin garinmu ne, shi ya sa tun ranar farko na ji kamar na san shi.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta gida. 'Ya'yansa maza sun tashi da Larabci a baki, faranti ɗaya suke ci da shi, suna yi mini dariya idan suka ga na sulale da zarar an shimfiɗa ledar abinci. Ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa sha ba. Shi kuwa sai ya ce musu, "Ku ƙyale Malam, tarbiyyar gida ce gare shi."

Abu biyu suka same shi kusa da juna. Ciwon sukari ya yi masa tsanani, likita ya hana shi duk wani abu mai zaƙi. Sannan aikin faɗaɗa unguwannin da ke kusa da Harami ya iso lungunsu, aka shafa wa bangon shagon jan fenti, bayan 'yan watanni aka rushe. Iyalin suka koma wani bene a bayan gari. Randunan aka jibge su a saman rufi. Mutumin da tun yana saurayi ba ya zama sai ya koma zaman taga, yana kallon motoci.

A watan Rajab ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, kuna da hutu?"

"Muna da shi, Baba."

"Ina so ka kai ni in ga mutanena. Akwai na Jidda, akwai na Lis, akwai na kan dutse. Yaran nan kowa da aikinsa."

Babban ɗansa ya ba mu motarsa. Matata ta haɗa masa magunguna a jaka, ta biyo ni har bakin mota, ta rage murya.

"Duk inda za ku je sobiya za a kawo masa. Don Allah kada ka bari ya sha. Ko kurɓi ɗaya."

Na ce mata to, ina tunanin ta yaya mutum yake hana surukinsa abu.

Na Jidda tsohon almajirinsa ne a sana'a, wanda yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Shagonsa babba, gilashi ta ko'ina, firji a jere, manyan gangunan ƙarfe suna ƙyalli. Yana ganin Baba ya bar masu saye ya fito da gudu, ya sumbaci kansa, ya zaunar da mu a kujerun ciki. Aka kawo kofuna: fara, ja, da ta tsamiya. Baba ya dube su, ya tura farar gabana.

"Sha."

Na sunkuyar da kai.

"Ka sha, Malam. Ni an hana ni. Ka sha ka gaya mini."

Ban san yadda zan kwatanta nauyin da kofin nan ya yi mini ba. Na juya fuskata wajen bango, na kurɓa kamar mai satar sha.

"Mi ka ji?"

"Akwai daɗi, Baba."

"Daɗi kowa na ji. Tsamin nike tambaya. A gaba yake ko a baya?"

Na sake kurɓa, na riƙe a baki. Na ce gaskiya ban ji tsami ba, zaƙi ne ya fara zuwa, sai sanyi ya rufe komai. Mai shagon ya yi 'yar dariyar jin kunya. Ya ce masu duba tsafta ba su yarda da randar ƙasa ba yanzu, mutane kuma ba su jira, in ya tsaya sai ta kwana yadda ake yi da, rabin masu sayensa za su koma maƙwabta. Baba ya gyaɗa kai, ya sa masa albarka, ya tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Sai da muka fita daga Jidda muka kama hanyar kudu ya yi magana.

"Mutumin kirki ne. Yana da iyali."



Hanyar Lis miƙaƙƙiya ce. Teku yana dama, wani lokaci a gan shi wani lokaci ya ɓace, hagu kuma fili ne fetal sai raƙuma jefi-jefi. Zafin gaɓar teku mai ɗanko ne, ko an kunna sanyin mota sai an ji shi a wuya. A hanyar nan ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Ya ce da ta iso ƙasar nan abin da ya fi damunta rashin koko da safe. Wata Balarabiya maƙwabciyarta ta ba ta sobiya, ta sha ta ce ai wannan 'yar uwar kunu ce, ta koya, ta fara sayarwa a ƙofar gida. A hannunta ya koya. Wanda za mu gani a Lis kuma abokinsa ne tun ƙuruciya, tare suka sayar da ruwa a Arfa suna samari, tare suka fara sana'ar, daga baya shi ya yi aure a can ya zauna.

"Za ka ji surutu yau," in ji Baba. "In ya fara ba ya tsayawa."

Gidan yana bayan kasuwar kifi, da ɗan tsakar gida da awaki. Na buga ƙofa, wata tsohuwa ta leƙo. Baba ya gane ta, fuskarsa ta washe.

"Hajiya! Ina mai gidan? A ce masa ya fito, baƙo ya zo daga Makka."

Ta tsaya tana kallonsa, hannunta a kan ƙofar.

"Alhaji, ba ku ji ba?"

Tun kafin aikin hajjin da ya wuce mai gidan ya rasu. Ta ce ta aika wani direba ya kai saƙo shagon Jarwal, direban ya dawo ya ce mata babu shago, babu ma lungun, fili ne kawai da motocin rusau. Wayar da suke da lambarta ta shagon ce. Baba bai taɓa riƙe ta hannu ba.

Baba ya zauna a nan bakin ƙofa, a ƙasa, da farar jallabiyarsa. Ya yi ta maimaita innalillahi. Da ƙyar muka ɗaga shi zuwa tabarma a inuwa. Ya yi mata ta'aziyya, ita ma ta yi masa.

Ba ta daina sana'ar ba. Masunta suna zuwa da safe da robobinsu. Ita da gero take yi, geron da ake nomawa a gonakin bayan garin, a randunan ƙasa da ta rufe da tsumma mai danshi. Ta ɗebo a kwanon sha ta ajiye a gaban Baba, shi kuma ya turo mini. Wannan karon ban jira ya maimaita ba. Ina kurɓa na ji ɗanɗanon gidanmu ne, na tsakar gidan mahaifiyata, wadda na yi shekaru ban gani ba.

"Mi ka ji?"

"Baba, kamar kunun zaƙi da ya kwana, amma da kirfa. Tsamin ba ya zuwa sai an haɗiye. Sannan akwai ƙamshin randa."

Ya lumshe ido.

"Hannunsa ne wanga."

"Hannuna ne, Alhaji," in ji Hajiya. "Shi ɗanɗanawa kawai yake yi, ya cika ni da surutu."

Suka yi dariya su biyu. Dariyar ba ta ƙare ba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da yamma na kai shi maƙabarta. Kaburburan ba suna, duwatsu ne kawai iri ɗaya a jere. Ya tsaya daga bakin katanga ya yi addu'a ga duka. Da muka koma mota na ce ko mu juya gida haka nan, ya huta, wani lokaci mu je na kan dutse.

"A'a. Na yi jinkiri sau ɗaya, ka ga abin da na tarar."

Muka kwana a garin. Da safe muka ƙara gangarawa kudu, sannan muka juya wa teku baya muka fara hawa. Hanya ce mai murɗe-murɗe, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan, ana shiga ramukan da aka huda a cikin dutse a fito a kan gada. Kunnuwana suka toshe. Birai suna zaune a gefen hanya suna jiran a jefa musu abinci. Kafin mu kai Baha hazo ya rufe mu, har na kunna fitila da rana tsaka. Baba ya ciro rigar sanyin da matata ta cusa masa a jaka, ya ce ashe yarinyar nan ta san abin da take yi. Daga nan muka bi kan duwatsun muka nufi arewa, zuwa wani ƙauye kusa da Ɗa'if.

Mutumin can Balarabe ne, tsoho mai ƙarfi da babbar murya, sana'arsa tatsar ruwan wardi. A wajensa Baba yake sayen ruwan da yake ɗan yayyafa wa sobiyar ranar Juma'a. Lokacin ƙarshen kakar furen ne. Tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya buge ni har kaina ya ɗan juya. A ciki tukwanen tagulla ne a jere, wuta a ƙarƙashinsu, an cika su da fure da ruwa an toshe, tururin yana bin bututu yana ɗiga a manyan kwalabe. Buhunan furen da aka tsinko da sassafe an zazzage su a ƙasa, tuli guda.

Ya rungume Baba yana ta faɗa, me ya sa aka daina ganinsa, me ya sa ya rame haka. Ya sunkuya ya ciko hannu biyu da fure ya kai masa fuska.

"Shaƙi wannan. Bana an samu ruwan sama, ba ka taɓa jin irinsa ba."

Baba ya nutsa hancinsa a ciki, ya daɗe. Ya ɗago ya ce masha Allah. Ina tsaye a gefensa, na ga fuskarsa ba ta motsa ba ko kaɗan.

Bayan la'asar aka shimfiɗa mana a saman rufi, inda ake hango kwari da gonakin inabi. Mai gidan ya kawo sobiyar zabibi, wadda yake yi wa iyalinsa da inabin gonarsa da ya busar da kansa. Ya zuba mana, sai aka kira shi daga ƙasa a kan wuta ta yi yawa a wata tukunya, ya sauka. Na miƙa hannu zan ɗauki kofina, sai na ga Baba ya ɗauki nasa.

"Baba, an ce..."

"Na san mi aka ce."

Ya sha kusan rabi, a hankali, yana juya ta a baki. Ya ajiye kofin.

"Ruwan sanyi," ya ce. "Shi kaɗai na ji."

A nan ya gaya mini. Ba hanin likita ne ya sa yake turo mini kofi ba. Tun kafin a shafa wa shagon jan fenti ɗanɗano ya fara barinsa. Da farko nama ne ya koma masa kamar yana tauna tsumma, sai gahawa ta zama ruwan zafi, daga baya hanci ma ya bi. Bai faɗa wa kowa ba. Azumin ƙarshe da ya yi a shago da ido da hannu kawai ya yi haɗi. Ya ce ya yi ta gaya wa kansa cewa in ya hau dutsen nan a kakar fure, ƙamshin da ya fi kowane ƙarfi a duk abin da ya sani, ko yaya ne wani abu zai ratsa.

Na ce Allah ya ba da lafiya.

"Amin. Malam, ka sha ta azumin ƙarshe. Kullum ana kai muku gida. Yaya take?"

Na tuna matata tsaye a kicin tana ƙara mata ruwa, ta ɗanɗana, ta ƙara. Na tuna ranar da ta juye robar duka a magudana. Na tuna layin la'asar da ya daina kaiwa bakin titi.

"Kai ɗalibin ilimi ne," ya ce. "Kada ka yi mini ƙarya."

"Sukari ya yi yawa, Baba. Wasu ranaku kuma tsamin ya wuce."

"Mutane sun sha?"

"Tsofaffin masu saye ba su daina zuwa ba."

"Suna saye su je su zubar."

Ya juya ya dubi kwarin.

"Ashe da suka rushe shagon, asiri suka rufa mini."

Muka ji takun mai gidan a matattakala. Baba ya share ido da gefen rawani, ya ce mini da Hausa, da sauri, "Sha ka gaya mini." Na sha. Na ce zaƙin na zabibin ne ba na sukari ba, akwai ɗan ɗaci a ƙarshe kamar na 'ya'yan inabi, da wardi kaɗan. Mai gidan ya zauna yana haki ya tambaye shi yaya ya ji ta. Baba ya gyara zama, ya faɗa masa da Larabci duk abin da na ce, ya ƙara da cewa da ya rage jiƙon kaɗan ɗacin ba zai fito ba. Mutumin ya buga cinya.

"Wallahi ba mai harshe irin naka a Makka duka!"

Baba ya yi murmushi. Ni na kasa ɗago kai.

Washegari muka gangara ta hanyar Hada. Sanyi yana raguwa, zafin Makka yana tarar mu tun daga nesa. Ya ce kada in faɗa wa kowa, na ce to. Da muka isa matata ta tambaye ni ko ya sha. Na ce rabin kofi, a wuri ɗaya. Ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Sai bayan rasuwarsa na gaya mata sauran, ta ce ai ta sani. Wata rana ta manta ba ta sa gishiri a miya ba, kowa ya ture, shi ya cinye ya ce ta yi daɗi.

Azumin shekarar ya yi shi a gida, da ruwa da dabino ɗaya yake buɗe baki. Bayan hajji ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Da ya farfaɗo magana ta dawo, amma Larabcin bai dawo ba. Hausa kawai yake yi, tsantsarta, irin ta mahaifiyarsa, da kalmomin da ni kaina sai a bakin kakata na taɓa ji. Likita ya ce yakan faru. 'Ya'yansa maza suna tsaye a kan gadonsa, yana magana suna kallona. Yana son a juya shi, sai na faɗa musu. Yana jin ƙishi, sai na faɗa musu. Wani lokaci yana kiran mutanen da suka mutu tun kafin a haife su, yana tambaya ko an ɗaure awaki, sai in ce musu labarin da yake yi.

Autansu ne abin ya fi ci. Wata rana da hantsi Baba yana ta kira, "Wa ke nan? Wa ke nan?" Autan ya ja ni gefe ya ce in koya masa amsar da Hausa. Na ce ya ce, "Ga ni, Baba." Ya maimaita sau da yawa a bakin ƙofa har ya kama. Ya koma ya riƙe hannun mahaifinsa, ya faɗa, da harshensa mai nauyin Larabci.

Baba ya juyo ya ƙura masa ido. Sannan ya nemo ni da kallo.

"Malam, ɗan wa ne wanga?"

Na buɗe baki ban san me zan fassara ba. Ashe ba a buƙata. Iya wannan Hausar autan ya ji. Ya ajiye hannun a hankali a kan bargo, ya gyara masa matashi, ya fita. Na same shi daga baya a ƙarshen baranda, ya jingina goshinsa da bango.

Baba bai cika wata a asibiti ba. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, tare da wasu gawarwaki, a cikin taron mutanen da ba su san shi ba. Autan ne ya shiga kabari ya karɓe shi.